Kunnuwan da Suka Ɓullo a Bangon Sai-ya-bushe

Sai-ya-bushe ake ce masa a unguwa, kuma shi ya jawo wa kansa. Sana'arsa manna takardar ado a bango, irin wadda take zuwa da gam ɗinta a baya, ka ɓare ka liƙa kamar sitika. Aikin da kowa yake ganin ko da ido rufe za a yi shi, wannan bawan Allah ya mayar da shi kamar tiyata. In ka kira shi gidanka, ba zai kalli takardar ba, kai ma ba zai kalle ka ba. Bango zai nufa kai tsaye, ya kafa masa hanci, ya ja numfashi ya lumshe ido. Daga nan ya manna kumatunsa a jikin fenti ya yi tsit, kai ka ce bangon gulmar masu gidan yake yi masa. In ya ɗago sai ya tambaya, "Yaushe aka shafa fentin nan?" Duk abin da ka ce, amsarsa ɗaya ce.

"Sai ya bushe."

"Haba Malam, taɓa ka ji mana, ya bushe ƙamas!"

"Fatarsa ce ta bushe. Cikinsa da sauran magana."

Da fenti ya fara neman abinci tun yana saurayi, sai da ƙirjinsa ya daina ɗaukar wari sannan ya koma sana'ar takarda. Shi ya sa ba a yi masa wayo da abin da ke ƙasa, don shi ma ya daɗe yana shafa shi. A wurinsa sabon fenti numfashi yake yi na makonni, in ka rufe shi da takarda kafin ya gama, numfashin zai rasa hanya, ya dagula gam, farar takarda ta koma rawaya kamar haƙoran tsohon mashayin taba. Fenti mai duhu kuma leƙowa yake ta cikin farar takarda, sai an fara kashe shi da farin shafin nan na ƙasa da masu sana'a ke kira faraima. In yana zargin danshi, zai manna leda a bango ya tafi abinsa, gobe ya dawo ya duba ko ta yi gumi. An taɓa yin wata mata da ta cire ledar ta zuba gawayi a ciki, wata guda bai gaishe da mijinta ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan ya gama aiki da watanni, sai ka ji sallama da rana tsaka. Ka fito, shi ne.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Bangon na zo dubawa."

Zai wuce ka ya shiga falo, ya tarar rana ta faɗo a kan takarda, ya ja tsaki, ya saki labule, ya fita ko ruwa bai sha ba. Mai askin bakin titi ya ƙi saka labule a tagar shagonsa, Sai-ya-bushe ya je ya ciro tsohon zanin gado daga gidansa ya rataya masa da ƙusa. Karen wani gida ya taɓa raka shi har bakin kwalta da tsani a kafaɗa, amma mako na zagayowa ya koma, don bai gama ganin kusurwar bayan firij ba.

Duk wannan wahala saboda magana ɗaya ce, wadda yake faɗa da ƙirji a buɗe a majalisa da wajen masu sayar da kayan gini: "Bangon da na taɓa bai taɓa canza launi ba." Ba shi da mota, ba shi da shago, babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Wannan maganar ita ce duk abin da ya tara, kuma ko masu jin haushinsa sun san gaskiya ce.

To, sai ka shiga falonsa. Innalillahi! Koren fenti ne da ya koɗe tun yara suna firamare, ga sawun kai a bayan kujera, ga inda aka kashe sauro aka bar shaida. A tsakiyar bangon kuma, daidai tsayin cinyar babban mutum, akwai wani zane na baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki: mutum siriri kamar tsinke, gashi buzu-buzu, bokiti a hannu, da kunnuwa biyu kamar murfin tukunya. 'Yarsa Auta ce ta zana shi tana 'yar mitsitsiya, ranar da ta samu maka a jakar aikin ubanta. Da aka tambaye ta wane ne, ta ce Baba ne. Sau biyu yana shafa fenti a kai don a zauna lafiya, sau biyu zanen yana dawowa, kunnuwa a gaba, don tawadar maka ratsa fenti take yi. Ya san maganin abin sarai, faraima ce kawai. Amma duk ranar da aka tayar da zancen sai ya ce a dakata. Yanzu Auta ta girma, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ta yi aure a can, sai dai waya. Kujerarsa kuwa kullum tana fuskantar zanen, a nan yake shan shayinsa.

Matarsa Maman Auta tela ce, kekenta na gefen taga a falon. Mace ce mai haƙuri, amma irin haƙurin da ake ajiyewa ana lissafi. Ranar da ta dawo daga taron ƙungiyar matan unguwa, wanda ake yi gida-gida, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

"Baban Auta, ka san a gidan wa aka yi taro yau? Gidan mai kemis. Ka san wa ya yi musu bango?"

"Ni ne. Yana nan lafiya? Suna sakin labule?"

"Labulen gidanku! Mata sai shafa bango suke suna sa albarka, sai matar mai kemis ta juyo ta ce, ai ke Maman Auta naki falon sai dai a cire takalmi tun daga bakin titi. Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Taro na gaba-gaba a gidan nan ne, kuma wallahi ba za su zo su tarar da wannan bangon tashar motar ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da naɗin takarda, fara mai ƙananan furanni shuɗɗa, ta dire a gabansa. Ashe ta daɗe da saya ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Ya warware, ya shinshina, ya ɗaga ta a hasken taga. "Takardar ba ta da kauri. Ga kore a ƙasa, ga..." Ya saci kallon zanen. "A dakata tukuna."

Ta naɗe takardarta ta mayar ɗaki. Shi kuwa, wawan, ya ɗauka ya ci nasara.

Bayan kwana biyu ya dawo gida ya tarar da wani babur mai walƙiya a ƙofarsa. Ya san mai shi. Wanda ake kira Yanzu-yanzu ne, wani matashi mai manna takarda da ya addabi sana'ar. Shi in ka kira shi da safe, kafin azahar ya gama, ko fentin yana ɗiga. Bayan wata biyu bangon ya yi dabbare-dabbare kamar fatar damisa, amma kafin nan ya sauya lambar waya. Ga shi yau a tsakiyar falon Sai-ya-bushe, tef a hannu, yana auna bango yana taunar cingam.

"A'a, Baba, sannu da zuwa! Mama ce ta ce in ɗan taimaka. Ai ba wani aiki ba ne, yanzu-yanzu zan..."

"Ɗauke hannunka daga bangona."

"Baba, ai gam ɗin zamani..."

"Na ce ɗauke! Ko shinshinawa ba ka yi ba, ka zo kana auna min bango kamar likkafani. Fita!"

Yanzu-yanzu ya naɗe tef yana murmushi, ya ce wa Maman Auta tana da lambarsa, ta wannan makon. Da ya fita, Sai-ya-bushe ya zauna jagwab. In aka ji a gari cewa Yanzu-yanzu ne ya yi bangon gidansa, ai shi kenan, sai dai ya sayar da tsani ya koma tallan rake. Maman Auta tana kan keke tana zura zare a allura kamar ba ita ba.

"Zan yi," in ji shi.

"Yaushe?"

"Gobe zan fara."

"Da zanen da komai?"

Ya kalli zanen. "Da komai."

Jama'a, gidan nan ya ga ta kansa. Ya wanke bango da ruwan sabulu, ya goge shi da samfefa, ya manna leda har a wuri uku, ya kafa dokar kada wanda ya taɓa. Ranar faraima ya fara daga sama, ya bi kusurwa-kusurwa, ya zagaye zanen ta dama, ya zagaye shi ta hagu, har bango ya zama fari fat sai ɗan murabba'in nan kore da mutumin kunnuwa a ciki yana riƙe da bokitinsa. Ya tsoma rola, ya matse, ya sake tsomawa. Ya ce rolar ta yi gashi, ya canza wata.

"Shafe mana," in ji Maman Auta. Amma tana faɗa ta tashi ta shige kicin, ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ya durƙusa ya shafe. Ya bari ta sha iska ya ƙara hannu na biyu, don shi ba ya rabin aiki ko da aikin yana cin ransa. Da ya miƙe ya ce warin faraima ne ya sa masa hawaye, alhali shekara da shekaru yana shaƙarta idonsa bai taɓa kawo ruwa ba.

Sai aka shiga jiran bushewa. Fanka dare da rana tana kallon bango, mutane na fifita da kwali. An hana suya sai ƙofar kicin a rufe, don hayaƙin mai ma yana rina takarda. Baƙo ya jingina da bango, ya ji an fizgo shi ta wuyan riga. Kowace safiya Sai-ya-bushe zai manna kumatu, Maman Auta ta tsaya riƙe da ƙugu, ya ɗago ya buɗe baki, ta riga shi: "Na sani, sai ya bushe!" Ranar da ya ɗago ya gyaɗa kai, sai da ta zauna don mamaki.

Ya manna takardar a yini ɗaya, falle bayan falle, yana ɓare bayanta kaɗan-kaɗan yana lallashinta da ɗan faifan roba, fure na haɗuwa da fure ba ka ganin gaɓa. Falon ya yi kyau, kai, har ya yi kyau da yawa. Maƙwabta suka yi ta leƙowa. Sai dai shayin Sai-ya-bushe ya daina daɗi, ya juya kujerarsa tana kallon ƙofa. Maman Auta ma da aka yi domin ta, murnarta ba ta kai mako ba. Sai ka ji keke ya tsaya cak, ka duba ka ganta ta zuba wa furanni ido. In ya tambaya ta ce zare ne ya tsinke.

Ana saura 'yan kwanaki taro, ya fito da safe zai ɗauki hularsa, idonsa ya faɗa kan wani abu. A tsakiyar bango, tsakanin fure da fure, wata inuwa ce mai lanƙwasa, launin toka. Ya murza ido. Ya goga da yatsa, ya goga da gefen riga. Ba a sama take ba, daga ƙasa take tasowa.

Kunne ne.

Ya ja da baya. Hannu biyu na faraima! Bai taɓa ji ba, bai taɓa gani ba. Ya shinshina, ya manna kumatu, har ya ɗan lasa. Washegari kunne na biyu ya fito. Ranar ko aiki bai je ba, ya zauna a ƙasa yana gadin bango kamar mai jinya, yana lissafin matan da za su cika falon nan, rabinsu shi ya yi musu aiki, sauran rabin yana sa rai. Matar mai kemis kaɗai ta isa ta kai labarin ƙarshen gari kafin magariba.

"Ina ragowar takardar nan? Falle ɗaya zan ɗaye in sake shafawa in canza."

"Wace ragowa?" in ji Maman Auta.

"Wadda na naɗe na ba ki."

"Oho. Na shimfiɗa a kabad."

"Duka?"

"Kabad ɗin da faɗi."

Ya je kasuwa, mai shago ya ce irin furen ya ƙare. Ya dawo ya ce to zai jawo kabad ya tare wurin, ta ce kabad ɗinta ba ya motsi, ƙafarsa ɗaya a karye take. Ya kawo kalanda zai rataya, ta ce wa ya taɓa rataya kalanda a tsayin cinya? Shi dai ya ga matar nan ko a jikinta, har wani ɗan waƙe-waƙe take yi a kan keke, ya ce a ransa lallai mata ba su san girman masifa ba.

Ana gobe taro, kan mutumin ya gama fitowa, da jikinsa. Sai-ya-bushe ya durƙusa da tabarau yana kallo, sai ya ji wani abu bai yi daidai ba. Ya san zanen nan fiye da tafin hannunsa. Mutumin Auta gashi gare shi buzu-buzu. Wannan kuwa kansa tal, sai silin gashi uku a tsaye. Mutumin Auta tsinke ne. Wannan tumbi ne da shi kamar ya haɗiyi ƙwallo. Kuma abin da ke hannunsa ba bokiti ba ne, kofin shayi ne. Ya shafa kansa. Ya kalli cikinsa. Ya bi gefen fallen da yatsa, sai ga ɗan kumburin iska a ƙasa, kamar ƙwayar wake. Shi da bai taɓa barin iska a aiki ba!

Ya sa farce ya ɗaga kusurwar, takardar ta biyo shi salin-alin, don irinta ana ɗagawa a mayar. A kan farar faraimarsa, wadda ba abin da ya ratsa ta, ga sabon zane baƙi ƙirin, an danna maka an maimaita har ta yi ƙyalli.

Ya waiwaya. Maman Auta na tsaye a bayansa da almakashi a hannu, ta ɗaure fuska irin ta wanda aka kama kuma bai shirya ba da haƙuri ba.

"Maman Auta."

"Na'am."

"Ke ce?"

"Shekara nawa kana cika min kunne da karatun maka tana ratsa wannan tana ratsa wancan? Ka zaci ba na ji? Ranar da ka je aikin gidan lauya na ɗaga na zana na mayar. Na ma ɗauka ba za ta fito ba, kullum sai na duba."

"Ke kika ce a shafe! Ke kika kawo min Yanzu-yanzu har cikin gida!"

"Ni ce. To da wane bakin zan ce a dawo da shi?" Ta ƙara ɗaga murya. "Ina ɗinki in ɗaga kai, sai furanni, sai furanni. Ji na yi kamar yarinyar nan ta sake tafiya. Kai kuma ka juya kujera kana kallon ƙofa kamar mai jiran bashi. Gidan ya zama otal."

Ya daɗe a durƙushe. Tausayinta ya kama shi, da nasa, da wata irin kunya, don duk shinshine-shinshinen bangon da yake yi bai shinshino abin da ke damun matarsa ba. Can ya nuna zanen.

"Amma wannan tumbin fa?"

"Abin da na gani na zana."

"Kunnuwan sun fi na da girma."

"Su ma sun ƙaru."

Ta juya ta buɗe akwatin keke, ta ciro naɗin ragowar takardar, ashe takardar ba ta ga kabad ba. Ta miƙa masa ba ta kalle shi ba. "Ga ta. In ka kankare ka shafa yanzu, ka sa fanka, ba mai ganewa gobe. Na san sunanka ne. Ban yi tunanin taron ba lokacin da na zana, wallahi."

Ya karɓi naɗin ya juya shi a hannu. Falle guda cif zai fita, har da saura. Ya ajiye shi a kan kujera. Ya ciro faifan robarsa daga aljihu, ya mayar da takardar a kan mutumin tumbi, ya lallashe ta daga tsakiya zuwa gefe, ya kori 'yar iskar nan har ta fita.

"In za ki ɓata min aiki," in ji shi, "ki daina barin iska."

Ranar taro ya kamata ya bar gidan, amma ya ƙi, ya tsaya a tsakar gida yana gyaran babur ɗin da ba abin da ya same shi sabo. Mata suka cika falo, aka yi ta yaba furanni. Muryar matar mai kemis ta taso.

"A'a! Maman Auta, mene ne wannan yake fitowa? Kamar mutum! Wa ya yi miki aikin nan, ko yaron nan Yanzu-yanzu ne?"

Ga ƙofa a buɗe an ba shi, in ya yi shiru shi kenan. Ya goge hannu ya leƙo.

"Ni na yi, Hajiya."

"Kai? Kai da bangonka ba ya canza launi?"

"Wannan ya canza."

Wata ta kalli bango, ta kalli kansa, ta kalli cikinsa, ta toshe baki. Daga nan falo ya ɓarke, har da mai faɗowa daga kujera. Kafin mako ya ƙare labari ya gama gari. Yanzu-yanzu ya riƙa ba da shi a wajen masu kayan gini har da ƙari, wai kunnuwan motsi suke yi. Aiki biyu suka kuɓuce wa Sai-ya-bushe a watan, kuma abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya. A majalisa ya daina buɗe ƙirji. In an tambaye shi yanzu, cewa yake, "Bangon da na taɓa bai canza launi ba, sai guda ɗaya," kuma ba ya ƙara bayani.

Da Auta ta kira ta bidiyo, uwar ta juya wayar ta nuna mata. Ta yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunta, da ta ɗauko kuma idonta ya yi ja, ta ce za ta nemi hutu.

Kujerarsa ta koma inda take. Sai dai wata sabuwar fitina ta samu gidan. Da la'asar rana tana shigowa ta tagar keke ta sauka daidai kan zanen, shi kuma ya san abin da rana ke yi wa tawada. Duk inda yake aiki, ko a kan tsani ne, sai ya ciro waya.

"Maman Auta, kin saki labule?"

"Ina ɗinki, Baban Auta, duhu zai yi min!"

"Kunna fitila. Kunnen dama ya fara koɗewa."

Sai ta ja tsaki yadda zai ji, ta tashi ta saki labulen.